Harsashin Gini da Harsashin Bindiga: Yadda Wani Gari a Bauchi Ya Shekara Huɗu Yana Neman Soja

Garin da dajinsa

Garin yana kudancin Jihar Bauchi, a bakin dajin da ya miƙe har ya haɗe da Filato da Taraba. Na sakaya sunansa da na mutanensa, domin maganar da sauranta. Gari ne na hakimi, da kasuwa mai ci mako-mako, inda manyan motoci ke lodin masara da shinkafa da riɗi, ga kuma kara ta shanu a gefen yamma. Daga kwalta zuwa cikin gari tafiyar kusan awa guda ce da rani. Da damina kuwa sai abin da rafin da ke tsakani ya ce. Ni ma'aikacin sashen kasafi ne na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, shi ya sa da aka kafa kwamitin tsaron gari aka miƙo mini biro da littafi. Abin da ke nan daga littafin nan ne da kuma abin da idona ya gani.

Bauchi ba ta rasa masu kaki ba. Akwai Birged ta 33 ta manyan bindigogi a barikin Shadawanka, akwai makarantar motocin sulke, ga rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya bar soja da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Gwamna, duk da kirarin da ake yi masa na shugaban tsaron jiha, ba shi da ikon ce wa kurtu ɗaya ya tashi nan ya koma can. Lokacin da Boko Haram ta shiga Ashaka a 2014, ta kai har cikin garin Gombe a Fabrairun 2015, mu a rediyo muka ji. Ba mu taɓa buƙatar sanin yadda ake raba kuɗin soja ba.

Daminar 2021: farkon lamarin

Wani dare ana yayyafi 'yan bindiga suka shigo a ƙafa, bayan sun ɓoye baburansu a bakin rafi. Gidan wani ɗan kasuwar hatsi suka nufa kai tsaye, abin da ya nuna akwai ɗan gari a ciki. Suka tafi da shi da babban ɗansa. Sai da aka sayar da shanun huɗa da rumbu biyu, aka haɗa da sabon babur da katin waya, sannan suka dawo, ƙafafu duk sun kumbura. Kafin a cire amfanin gona an sake shigowa sau biyu. Masu gonakin nesa suka bar masararsu ga birai.

A watan Yulin shekarar ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan ƙwarya-ƙwaryar kasafin kusan naira biliyan 983, mafi yawansa na kayan yaƙi. A watan ne kuma jiragen Super Tucano shida na farko suka sauka daga Amurka. A teburin mai shayi mutane suka ce ai kuɗi sun samu, sauranmu mu kai kuka kawai. Ni na san jiragen nan ba kuɗin bana ba ne. Tun Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan ɗaya daga asusun rarar mai, a 2018 aka biya Amurka dala miliyan 496 na jirage goma sha biyu tun majalisa ba ta amince ba, har wasu sanatoci suka fara zancen tsigewa. Shekara uku da 'yan watanni tsakanin biya da sauka. Na faɗi haka a teburin, aka ce Malam Sakatare ya fiye kawo cikas.

Yunƙuri na farko: takarda zuwa bariki (kakar 2021 zuwa 2022)

Muka rubuta takarda da hatimin hakimi, muna roƙon a gina mana sansanin soja na dindindin, har da alkawarin fili kyauta. Mu biyar muka kai ta: wakilin hakimi, Sarkin Baka, Arɗo, shugaban 'yan kasuwa da ni. Wani manjo ne ya karɓe mu, mutum mai Hausa a baki. Ya sa aka kawo ruwa, ya karanta takardar har ƙasa.

"Baba," ya ce wa wakilin hakimi, "kukanku gaskiya ne. Amma ginin sansani ba a teburina yake ba, ba kuma a teburin maigidana ba. Zan tura ta sama. Abin da ke hannuna mota biyu ne da yara kaɗan, sauran suna Borno."

"Yallaɓai, to kuɗin da muke ji a rediyo fa?"

Ya yi murmushi, ya dube ni, don an gaya masa aikina. "Tambayi Malam."

A mota na yi musu bayanin da na sani. Kowace ma'aikata ana yanka mata iyaka tun kafin ta rubuta buƙatunta, abin da ma'aikata ke kira ambulan. Ba abin da take so take rubutawa ba, abin da zai shiga ambulan ɗin ne. Cikinsa buhu uku ne. Na farko albashi da alawus, shi ne mafi girma a kasafin tsaron ƙasar nan, kuma ba a taɓa shi, don soja mai riƙe da bindiga ba a ce masa ya yi haƙuri sai wata mai zuwa. Na biyu hidimar yau da kullum: mai, abinci, gyaran motoci. Na uku manyan ayyuka, wato makamai da gine-gine. Takardarmu a buhu na uku za ta faɗa, ta yi layi da buƙatun Borno da Zamfara da Katsina da masu gadin bututun mai a Neja Delta, a lokacin da soja ke aiki a kusan kowace jiha. Kuma idan kuɗin shiga suka gaza, buhu na uku ne ake fara ɗaurewa baki.

Manjon ya cika abin da ya iya. Motoci biyu suka riƙa zuwa ran kasuwa, su kwana, su koma. Wata biyu aka yi shiru. Daga nan mutanen daji suka haddace jadawalin fiye da mu, suka koma zuwa daren da motocin suka tafi. Da ruwa ya sauka rafi ya cika, sintirin ya tsaya da kansa. Amsar takardar ba ta dawo ba.

Yunƙuri na biyu: layi a cikin kasafi (ƙarshen 2022 zuwa 2023)

Kakar siyasa ta kama. Ɗan majalisarmu na tarayya yana neman komawa, ƙuri'un garinmu kuwa ba na rainawa ba ne. A lokacin, kowace shekara ana ware wa 'yan majalisa naira biliyan 100 na ayyukan mazaɓu, ban da abin da suke iya ƙarawa yayin da kwamitoci ke duba kasafi. Muka same shi a gidansa. Bai ɓata lokaci ba, ya ce an gama.

Ya kuma yi. A taron kamfe ya ɗaga wata takarda sama, hoton shafi ne daga kasafin 2023, wanda aka sa wa hannu ranar 3 ga Janairu a kan naira tiriliyan 21.83. Ga sunan garinmu ɓaro-ɓaro, ga aikin: gina masaukin jami'an tsaro. Mata suka yi guɗa. Da taro ya watse na roƙi yaronsa ya ba ni takardar na duba. A saman shafin, inda ake rubuta hukumar da za ta yi aikin, ba Ma'aikatar Tsaro na gani ba. Wata hukumar tarayya ce da aikinta noma. Wannan ba baƙon abu ba ne a ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa yakan ajiye aikinsa a hukumar da kwamitinsa ke sa wa ido, ko wadda ya san shugabanta, don a nan ne yake da bakin cewa ga wanda za a ba kwangila. Gabana ya faɗi, amma na yi shiru. Gari na murna, wa zai saurari tsohon ma'aikaci?

Ɗan kwangilar bai jira sakin kuɗi ba, don zaɓe ya matso. Da kuɗin aljihunsa ya kawo tifa uku ta yashi da bulo, aka tona harsashi a filin da hakimi ya bayar, gabas da gari. Aka kafa rumfa, aka yanka rago, aka aza tubali. Ɗaki biyu suka kai tsayin taga.

Na koma bariki da kaina in yi wa manjo albishir. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya ce a gina?" Babu wanda ya tuntuɓe su. Na zana masa wurin a bayan ambulan. Ya sa yatsa a kan tsaunin da ke bayan filin, ya ce, "Malam, duk wanda ya hau nan zai ga abin da ke cikin tukunyar yarana. Ko kun gama ginin nan da tayil, ba zan kwantar da mutum ɗaya a ciki ba." Ya ƙara da cewa ko da wurin ya yi, gini ba ya zuwa da sojansa. Mutanen da za su zauna, abincinsu, man motarsu, duk sai an samo su daga wani buhun da wannan layi bai taɓa ba.

Ranar 25 ga Fabrairu aka yi zaɓe, ɗan majalisar ya faɗi. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A tsakiyar Yuni aka saki naira, dalar gwamnati ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700. Can wajen ƙarshen shekara aka saki wani ɓangare na kuɗin aikin. Ɗan kwangila ya ce bai ma kai abin da ya riga ya kashe ba. Buhun siminti da ya yi lissafi a kan dubu huɗu da 'yan kai, kafin a shiga azumin 2024 ya taɓa dubu goma. Ya turo mota ta kwashe ragowar bulonsa. Sabon ɗan majalisa ya karɓe mu da fara'a, ya ce zai duba. Ba mu ga laifinsa sosai ba. Wa zai ƙarasa ginin da allon da ke gabansa ke ɗauke da sunan abokin hamayyarsa?

Nuwambar 2023 zuwa Maris 2024: manyan lambobi

A wannan tsakani lambobin rediyo suka ƙara girma. An yi ƙwarya-ƙwaryar kasafin naira tiriliyan 2.17 a Nuwamba, tsaro ya samu kaso mai tsoka, amma abin da ya tsaya a bakin mutane shi ne naira biliyan biyar na jirgin ruwan shugaban ƙasa da aka gani a ƙarƙashin sojan ruwa, har Majalisar Wakilai ta ce a mayar da kuɗin ga bashin karatun ɗalibai. Sarkin Baka ya tambaye ni babur nawa biliyan biyar za ta saya. Ban lissafa masa ba, don kada ya kasa barci.

Kasafin 2024 ya zo da naira tiriliyan 3.25 na tsaro, kuma a ciki har da 'yan sanda da sauran hukumomi, ba soja kaɗai ba. Na ɗauki biro a taron kwamiti. Da dala tana nan a 460, wannan kuɗi dala biliyan bakwai ne. A 1,500 da ta kai a shekarar, biliyan biyu ne da ɗan ɗori. Jirgi da kayan gyaransa da yawancin manyan makamai da dala ake sayensu. Wato lamba ta hau a takarda, abin da za ta sayo ya sauka. A watan Maris kuma Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya faɗa a hirarsa da BBC Hausa cewa akwai kusan naira tiriliyan 3.7 a kasafin da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, Majalisar Dattawa ta dakatar da shi wata uku. Ko wane ne mai gaskiya, mutanenmu sun daina ce mini mai kawo cikas.

Daminar 2024: dogaro da kai

Aka sa wa kowane gida kuɗi, aka sayi babura da tocila da bindigogin harba-ka-ruga ga 'yan banga da mafarauta. Sun yi ƙoƙari, sun kore shigowa biyu. Ranar da suka bi sawu cikin daji aka yi musu kwanton ɓauna. Mun binne huɗu, ciki har da ƙanin Sarkin Baka. Wata unguwa ta ƙetaren rafi ta gwada biyan harajin noma ga mutanen daji. Suka karɓa, da kaka suka dawo suka ninka.

Kakar 2024: shawarar Baba Samanja

A zaman makokin nan ne wani ɗan gari da ya yi ritaya daga soja, wanda kowa ke kira Baba Samanja, ya ja ni gefe. Ya nemi ganin takardarmu ta farko. Ya karanta, ya ninke.

"Malam Sakatare, kun roƙi abin da ba mai iya ba ku. Ku ba rijiyar mai irin ta Kolmani gare ku ba, ba ku da minista. Ku daina cewa a gina. Ku tambayi kanku me zai hana kwamanda ya bar yara talatin a garin nan gobe."

Ya ƙirga mini da yatsu: rufi, ruwa, hanyar da mota za ta bi a watan Agusta, mai, da wanda zai tsaya musu idan an tambaya daga sama. Ya ce tura yara wuri na ɗan lokaci hukunci ne na aiki, kwamandan yanki na iya yanke shi da amincewar na gaba da shi, ba sai majalisa ta zauna ba. Albashinsu ana biya ko suna bariki ko suna daji. Abin da ke ɗaure masa hannu shi ne ƙarin ɗawainiya.

Muka bi ta nan. Akwai tsohon siton taki a kan tudu, yammacin kasuwa, wanda iska ta yaye wa kwano. Wannan karon sai da muka gayyato soja suka duba kafin a buga ƙusa ɗaya. Suka ce a sare bishiyoyin gabansa, a buɗe ƙofa ta baya. 'Yan kasuwa suka sayi kwano, matasa suka cika buhunan yashi, ƙaramar hukuma ta gyara burtsatsen da ke kusa ta sa masa sola.

Na biyu, muka daina zuwa mu kaɗai. Hakimai huɗu na bakin dajin suka sa hannu a takarda ɗaya, da lissafin ƙauyukan da suka tashi, da motocin hatsin da suka daina zuwa, da harajin kasuwa da ya ragu. Takardar ta bi ta fadar sarki zuwa majalisar tsaro ta jiha, inda gwamna ke zama teburi ɗaya da shugabannin soja da 'yan sanda da na farin kaya. A nan akwai wani asusu da bai bi ta ambulan ɗin Abuja ba, wato kuɗin tsaro na gwamna, wanda ba a bin diddiginsa kamar sauran kuɗin gwamnati. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin waɗannan kuɗi a faɗin ƙasar sun kai dala miliyan 670 a shekara. Na daɗe ina sukar wannan asusu, har yau ban canja ba, amma ga shi ta nan ruwanmu ya ɓullo. Kuma cire tallafin da ya karya ɗan kwangilarmu shi ne ya kumbura kason wata-wata da ake rabawa tsakanin matakan gwamnati, har ya riƙa haura naira tiriliyan ɗaya a 2024. Jiha tana da abin hannu.

Ranin 2025: sun zo

Jiha ta ba da motoci biyu da babura, ta ɗauki nauyin man wata-wata, ta sa aka yi kwalbati a rafi aka zuba burji. Bayan ƙaramar salla sojoji kimanin talatin suka sauka a siton taki, da wani matashin laftanan. Mata suka kai musu tuwo a daren farko, ya karɓa ya yi godiya, ya ce kada a mayar da shi al'ada. A daftarin kasafin shekarar an gabatar da naira tiriliyan 4.91 na tsaro, rundunar sojan ƙasa kuma ta ninka kuɗin abincin soja na yini daga naira 1,500 zuwa 3,000. Ko sisi daga wancan kasafi ba a rubuta da sunan garinmu ba.

Daga zuwansu har aka cire amfanin gona ba a ɗauki kowa a cikin gari ba. Motocin hatsi sun dawo, an noma gonakin nesa na wannan gefen rafi. Amma ƙauyuka biyu da ke can ƙetare, nesa da tudun, sun ga shigowa fiye da da. A tsakiyar damina an janye rabin sojojin zuwa wani wurin da wuta ta fi ci, sai bayan wata biyu aka dawo da su. Sau biyu man wata ya makara, shugaban 'yan kasuwa ya zaga rumfuna a asirce aka cika jarkoki.

Abin da na gani a ciki

Yunƙuri na farko ya faɗi ne don mun kai roƙonmu buhun da ya fi kowane yunwa, muka yi layi da wuraren da gawarwakinsu suka fi namu yawa. Ban ce an zalunce mu a nan ba. Da ni ne a teburin rabon, da abin da ke cikin ambulan ɗin, ban tabbata zan fifita garinmu a kan Zamfara ba.

Na biyu shi ya fi ci mini rai, don a nan siyasa ta ba mu abin da ya yi kama da nasara. Layin an yi shi ne don ranar zaɓe, a hukumar da ba ruwanta da yaƙi, a filin da soja bai gani ba, da farashin da bai kai watanni shida ba. Ko da ɗan majalisar ya ci, kuma an saki kuɗin duka, kango za mu samu mai fenti. Ni ma da laifina, tun ranar taron na ga saman shafin.

Na uku ya yi aiki don ya raba nauyin gida uku: tarayya ta kawo mutanen da dama tana biyansu, jiha ta kawo mota da mai daga asusun da gwamna ke iya taɓawa yau-yau, gari ya kawo rufi. Hakimai huɗu kuma ƙuri'u ne da ba a ƙi saurara. Sai dai duk ƙafafunsa uku aro ne. Ba ya cikin kowace doka ta kasafi. Saƙon oba-oba ɗaya zai iya kwashe yaran, sabon gwamna a 2027 zai iya cewa man ya yi yawa, kuma ba daidai ba ne mai sayar da riɗi ya biya haraji sannan ya sake sayen fetur wa sojan tarayya. Mutanen ƙetaren rafi kuma suna da haƙƙin cewa zaman lafiyarmu a kansu aka sauke shi. Dagacinsu ya faɗa mini haka a fuska ran kasuwa, ban sami amsar ba shi ba.

A zaman kwamiti na ƙarshe an kawo shawarar a kwashe bulon ɗakuna biyun nan na gindin tsauni, a kai siton taki a yi wa sojoji banɗaki. Wakilin hakimi ya ce a dakata tukuna, ginin gwamnatin tarayya ne, kada wata rana masu binciken ayyuka su zo su tarar babu. Na rubuta a littafi cewa an ɗage maganar. Awakin unguwar gabas ne ke kwana a ciki.